Adda Batulu da Yaron Gwaggo

A shekarar 1983 na fara ganin Adda Batulu, shekarar da annoba ta shiga shanu har Fulani suka riƙa sayar da saniya a kuɗin tunkiya. Ta rasu bara, bayan ƙaramar salla, Allah Ya jiƙanta. Ba na jin akwai wanda zai rubuta labarinta in ban rubuta ba, ni kuwa idona ya fara gajiya.

A wancan lokacin an ba ni riƙon ɗakin magani na Bakura. Ginin ɗaki biyu ne da baranda, ga itacen dogon yaro a ƙofa, ga risho da nake dafa allura a kai, ga baƙin kekena jingine da bango. Mahaifina ya yi doguwar jinya a asibitin mishan, can aka sa ni makaranta, can kuma na koyi aikin. Abin da aka fi cusa mana shi ne kada ka taɓa mara lafiya sai ka san sunansa da shekarunsa da sunan uwarsa. Da wannan horo na zo Bakura, ina ji da shi ƙwarai.

Wata safiya cikin damina wata Bafulatana, Batulun nan, wadda ba ta kai ashirin ba, ta sauke ƙwaryar nono a bakin baranda. Masu jiran magani suka saye nonon tas kafin hantsi ya yi nisa. Ba ta tafi ba. Na sallami mutum na ƙarshe, na kashe risho, na fito zan rufe taga, na same ta inda take, tana juya faifan rufe ƙwarya a hannunta. Na gaishe ta, ta amsa. Na tambayi mutanen ruga da shanu da ruwa, ta amsa duka da lafiya. Sai da na juya zan koma ciki ta yi magana, idonta a kan faifan.

"Malam, yaron Gwaggo ba shi jin daɗi."

Na ɗauko alƙalami na tambayi sunan yaron. Ta ce can za a gaya mini. Na tambayi shekarunsa, ta ce bai daɗe da yaye ba. Na tambayi sunan uwarsa. Nan faifan ya tsaya cak, ta kau da kai wajen titi, ta ce uwar tana nan. Ni Bahaushe ne, amma mu ma muna da kunyar ɗan fari, uwata har ta bar duniya ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Na ajiye alƙalamin na ɗauki jaka da keke.

Rugar tana bayan fadama. Ita ta bi ta ƙafa ta yanke, ni na bi hanya, taɓo ya riƙa cika ƙafar keken ina tsayawa ina ƙwaƙulewa da kara. A rafi sai da na saɓa shi a kafaɗa. Na tarar da yaron a bukkar gwaggon mijinta, tsohuwar da aka ba riƙonsa bayan yaye. Ƙyanda ce ta fito masa ta koma ƙirji, yana numfashi da kyar. Gwaggo ta ce ba a yi wa mai ƙyanda allura, duk wanda aka yi wa ba ya tashi. Na zauna a tabarma, na sha furar da aka kawo, na yi ta hira da ita a kan shanun da suka mutu da sunayensu, har ta gaji ta ce in yi abin da ya kawo ni, Allah na nan. Na yi ta zuwa kullum har maganin ya cika. Duk zuwan da na yi, Batulu tana can gefen ruga tana daka, ta ba mu baya. Sai dai duk sa'ad da allura ta shiga yaron ya tsala kuka, taɓarya takan tsaya a sama, ba ta sauka sai ya yi shiru.

Yaron ya tashi. Gwaggo ta yi godiya har da hawaye, uban ya kawo mini zakara. Batulu ba ta yi godiya ba, domin in ta gode mini ta faɗa da bakinta ke nan cewa ɗan nata ne, ɗan fari kuma, abin da 'yar mutunci ba ta yi. Ranar kasuwa ta zo da nono, na saya, ba ta rage mini ko kwabo ba, har da ce mini ludayina ya fi na kowa zurfi. Amma na ga akwai magana a bakinta, ita ma ta san na gani. Haka ta zauna da wannan godiya a wuyanta shekara talatin da 'yan kai, ba ta da hanyar sauke ta.

Sunan yaron Mas'udu. Da yake a hannun Gwaggo ya girma, sai ya tashi yana kiran uwarsa Adda, wato yaya da Fulatanci. Daga bakinsa kowa ya ɗauka, har ni.

Shanunsu ba su dawo ba. Mijinta ya samu 'yar gona a filin noman rani na Bakolori, suka gina ɗakin ƙasa a Tungar Surajo, wajen Dakko. Wanda bai ga wannan wuri a shekarun nan ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Simintin kanal, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, fari ne fes, ruwa na gudu a ciki tsakiyar rani kamar an yi ruwan sama jiya. Alkama takan yi kore tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya, a bayanta albasa, a bayanta tumatir. In ka bi ta wurin da yamma a kan keke, sanyin gonaki ne zai fara tarbarka kafin sallamar manoma. Nakan hau keken nan in je Faru, in wuce Maradun, in dawo, ba abin da nake tsoro sai faci. Yanzu jikokina suna jin haka kamar tatsuniya.

Adda ba ta bar zuwa ɗakin magani ba. Da farko takan kawo mata ne daga tunga, waɗanda ba su jin Hausa sosai, ta tsaya ta yi mana tafinta. Daga nan ta fara wanke mini kwanon allura ba wanda ya sa ta. Da aka ce kowane yanki ya aiko da mace a koya mata aikin ungozoma a Talata Mafara, sunanta na bayar. Ta dawo da ɗan akwatin ƙarfe mai reza da sabulu da zare, ta riƙe shi har tsufanta. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta iya ba. Yadda take aikinta shi ne ta shiga gida, ta zauna, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta bi yaran gidan ɗaya bayan ɗaya da sunansu, tunda yawanci ita ta yanke musu cibiya. Ba ta cewa wa ne ne ba shi da lafiya. Takan ce ina wane, a kira shi ya gaishe ta, tana kallon idonsa da tafiyarsa.

Tare da ruwan kanal maganin feshi ya shigo ƙasarmu. Maza sukan dama shi da hannu, su yi feshi ba takalmi, iska na mayar musu da shi a fuska, da yamma a kawo mini su suna dalalar miyau, ƙwayar idonsu ta tsuke kamar kan allura. Abin da ya fi ɓata wa Adda rai shi ne kwalaben. Kwalba ce mai kyau da murfi mai kyau, mata sukan wanke su zuba man gyaɗa ko su ba yaro ya tafi da ruwa gona. Sai ta samo wata doguwar ƙusa ta riƙa yawo da ita a bakin zane. Duk gidan da ta shiga sai ta shinshina kwalabe, wadda ta ji warin a cikinta ta huda mata gindi nan take. Aka sa mata Adda mai ƙusa. Na taɓa jin wani magidanci yana rantse mata cewa sau uku ya wanke tasa da sabulu da toka. Ta cika ta da ruwa ta miƙa masa.

"To bisimilla, sha in gani. In ka kai la'asar sai in ba ka tawa kyauta."

Bai sha ba, ta huda.

Daga baya aka mayar da ni Talata Mafara, nan na yi ritaya. 'Yata Nagode kuma Allah Ya kai aurenta Tungar Surajo, gidan wani malamin firamare mai noma. Da cikinta na fari ya tsufa ta zo gida haihuwa, Adda ta biyo ta, ita ta karɓi jikata Amira a ɗakin matata. Bayan yaye aka ba kakarta ta wajen uba riƙonta, wata dattijuwa mai suna Baturiya, wadda ke zaune a wata 'yar tunga can ƙetaren rafi, nesa da kanal. Nagode ta yi sakandare, tana karanta jarida, amma in za ta ambaci yarinyar sai ta ce waccan. Na taɓa tsokanarta cewa kuɗin makarantar da na kashe ya tafi a banza. Ta ce in fara gyara Inna tukuna, wadda har yau ba ta kiran sunan Yaya. Ban sake tayar da maganar ba.

A daminar 2018 aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ɗakin ƙasa da wani ɗan kasuwa ke ajiye maganin feshi a bakin ƙaramin kanal na Tungar Surajo ya rushe. Jarkoki suka fashe, abin da ke ciki ya bi ruwa. Da gari ya waye kifi ya taso sama, farin ciki a waje, tun daga gada har kwanar gonakin shinkafa. Maza sun riga sun fita duba ɓarnar ruwa a gonaki. Yara suka ga abin da ba su taɓa gani ba, kifi ba ƙugiya ba taru, suka faɗa da kwanduna da kwanuka. Manyan cikinsu su ne suka shiga zurfi. Kafin azahar ƙamshin suya ya cika tungar, kafin la'asar an fara amai da gumi da miyau. Mai gari ya aika Bakura, aka kwashi waɗanda abin ya fi kamawa zuwa asibiti, aka rufe ƙofar ruwa, aka yi shela kowa ya binne kifin da ya rage.

Da na ji labari na kira Nagode a waya. Ta ce su lafiya lau, gidansu ba a ci ba, maigidan ya bi ƙanensa asibiti. Na tambayi Amira, wadda nake tsokana da uwargidana. Ta ce tana can wajensu. Hankalina ya kwanta, tunda na san tungar Baturiya ba ta sha daga kanal. Abin da Nagode ba ta iya faɗa wa ubanta ba shi ne, a ranar an aiko yarinyar da saƙon gero, ta ga ƙawayenta a ruwa ta bi su. Ta yi amai, aka yi mata wanka, aka ba ta nono, ta warware, ta koma wajen kakarta da ƙafarta. Shekararta goma sha biyu a lokacin.

Sauran labarin daga bakin waɗanda suka yi aikin na ji shi. Washegari hukumar lafiya ta aiko da ma'aikata a ƙarƙashin wata matashiyar likita, Amatullah, 'yar Maradun. Aikinsu shi ne su gano wa ya taɓa ruwan, wa ya ci kifin, wa ya yi ciwo, har da waɗanda suka ce sun warke. Likita ta yi musu bayani cewa irin wannan dafi yakan yi kamar ya tafi, bayan 'yan kwanaki ya dawo ta wata hanya, ya kashe ƙarfin wuya da fatar ido, daga nan ya sauka kan numfashi. Alamar da za a duba mai sauƙi ce. A kwantar da mutum rigingine a ce ya ɗaga kai, in wuyan ya ƙi, a kawo shi ba jira. Maza suka ɗebi ruwa a kwalabe don gwaji, suka zauna da magidanta a zaure. Shiga cikin gida kuwa sai mata, don haka Likita ta nemi wadda ta san gidajen, kowa ya nuna mata Adda.

Suka bi tungar gida gida. Adda ta yi yadda ta saba, ta gaisa, ta kira yara da sunansu, a kwantar da su, a ce su ɗaga kai, yaran suna dariya suna ɗauka wasa ne. Sai dai a kowane gida akwai suna ɗaya da takan tsallake. Ba za ta dubi mace a gaban surukarta da faccalolinta ta tambaye ta ɗanta na fari ba, ita da ta fi kowa sanin nauyin abin. Likita ma da tarbiyyar nan ta tashi, kunnenta bai ji an tsallake komai ba. Uwaye kuma ba su kawo maganar ba. Yawancin 'ya'yan farin ma ba a gidajen suke kwana ba, suna wajen kakanni da gwaggwanni, wasu a Dakko, wasu a tungayen da ba su shiga lissafin inda dafin ya taɓa ba. A rana ta biyu Likita ta fara cewa abin yana ɗaure mata kai. Kowa ya ce manyan yara ne suka kwaso kifin, amma waɗanda take gani ƙanana ne da tsofaffin da suka ci.

Gidan Nagode na cikin na ƙarshe. Adda ta duba Yasir, ƙanen Amira, da jaririyar da ke goye, ta shinshina kwalabe bisa al'ada, Likita ta maimaita bayanin wuya da numfashi ga matan gidan, suka yi sallama. Nagode ta rako su zaure. Ta wuce zaure ta rako su ƙofar gida. Adda ta ce rakiya ta isa, ta koma. Ba ta koma ba. Ta tsaya jikin katanga da faifan da take tankaɗe da shi, tana juya shi a hannu. Adda ta yi taku kaɗan ta waiwaya, ta dubi faifan, sai ta ce wa Likita ta yi gaba, ta manta ƙusarta a ciki.

Da suka rage su biyu, Nagode ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Adda, ko aikin naku ya kai tungar Inna Baturiya?"

"Mi ad akwai can?"

"An ce yarinyarta tana kwance tun jiya."

Adda ba ta tambayi wace yarinya ba. Ta ce, "Yarinyar Baturiya ta shiga ruwan nan?"

"An ce har ƙirji."

Adda ta ce ta koma ciki ta ƙarasa tankaɗenta. Ta cim ma Likita a bakin masallaci, ta ja ta gefe, ta ce ladabinsu ya yi yawa, tun jiya ba su tambayi kowa ɗan fari ba, su ne kuwa manyan yaran da ake nema. Likita ta gaya mini daga baya cewa nan take ta gane. Ita kanta 'yar fari ce, kakarta ta raine ta, har ta zama likita uwarta ba ta kiran sunanta, "ke" kawai take ce mata. A tsaye a nan suka yanke yadda za a yi. Za a sake bin gidajen, amma ba za a tambayi kowace mace nata ba. Za a tambaye ta na faccalarta ko na maƙwabciyarta, ya shiga ruwa ko bai shiga ba, a hannun wa yake, a wane gari. Da aka juya tambayar haka, bakin mata ya buɗe, kowace ta san na 'yar'uwarta har da abin da ya ci. Kafin magariba an san inda kowane yake, aka bi su, aka samu wasu biyu da su ma sai da aka kwantar.

Adda ba ta tsaya wannan zagaye ba. Ta nufi gindin tsamiya inda 'yan acaɓa ke jira. Mas'udu yana cikinsu, magidanci da 'ya'ya biyar, furfura ta fara fito masa a gemu. Ta tsaya nesa kaɗan, ta dubi wani daban, ta ce a gaya wa mai jan babur ɗin can shi taho. Abokan sana'arsa suka kwashe da dariya kamar yadda suka saba, ɗaya ya ce mai jan babur, wata baƙuwa na kira. Ya tayar ya zo ya ce, Adda, ina muka nufa. Ta faɗa wa iska sunan tungar, ta hau.

Sun tarar da Baturiya tana sussukar gero. Ta tarbe su da murna, ta ce yarinya ta warke tuni, shekaranjiya ma ta ci tuwo, lalaci ne kawai irin na yaran yanzu. Amira tana kwance a ɗaki a kan tabarma. Adda ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu.

"Ke mara kunya, ni na yanke miki cibiya, in shigo kina kwance? Ɗaga kai ki gaishe ni."

Yarinyar ta yi murmushi, ta yunƙura. Kafaɗa ta motsa, kan bai bar tabarma ba. Fatar idonta ta sauko rabi, muryarta ta fito ƙasa ƙasa ta hanci. Aka ba ta ruwa, ta ƙware. Baturiya ta ce a jira ɗanta ya dawo, ba a fita da yarinya ba da sanin uba ba. Adda, wadda ban taɓa jin ta katse maganar babba ba, ta ce in ya zo a ce masa ita ta sace ta, ya san gidanta. Ta karɓi zane a hannun tsohuwar, ta ɗaure Amira a bayan Mas'udu, ta zauna a baya ta tallafe kan yarinyar da tafukanta biyu don kada ya karye gaba ya toshe mata numfashi. Haka suka taho. A rafi ruwa ya kai gwiwa, Mas'udu ya goya yarinyar ya ƙetare, uwarsa na biye da kan a hannunta, sannan ya koma ya turo babur.

Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar na ga Adda ta shigo layinmu, taɓo har gwiwa. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta tambayi gwiwoyina, ta tambayi matata, ta tambayi yadda ruwa ya bar mu. Na amsa, ni ma na tambayi nata. Sannan ta kau da kai wajen titi.

"Malam, yarinyar Baturiya ba ta jin daɗi. Tana asibiti."

Na san wannan jimla, na san wannan kau da kai. Ban tambayi suna ba, na nemi sandata.

Numfashin Amira ya ci gaba da raguwa a gabanmu, don haka a ranar aka wuce da ita Sakkwato, inda aka sa mata na'urar da ta riƙa yi mata numfashi har ƙarfinta ya dawo. Likitan can ya ce mini an kawo ta a kan gaɓa. Matata ce ta zauna a bakin gadon. Nagode ta zo da goyonta, ta zauna a baranda ta waje, duk ma'aikaciyar da ta fito sai ta tambaye ta yaya yarinyar nan da aka kawo daga Talata Mafara. Sun ɗauka maƙwabciya ce mai kirki. Bayan 'yan makonni aka sallamo Amira, ta rame har wuyan ya yi tsawo, amma tana ɗaga shi da kanta. Bana ta gama sakandare.

Na aika wa Adda sau biyu cewa ina son ganinta, ta ce aiki ya yi mata yawa. Gaskiya ne kuma, domin Likita Amatullah ta sa an ci gaba da duba yaran tungar har kaka, Adda ce ke tattaro su daga gidajen kakanni. Sai wata Talata, ranar kasuwarmu, ta biyo. Mas'udu ya sauke ta ya tsaya daga bakin layi a kan babur. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, na tsara shi daki daki kamar yadda aka koya mana a makaranta. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na gyara murya na ce, Adda, game da abin da kika yi. Ba ta bar ni na kai ƙarshe ba.

"Malam, baƙin keken nan naka, yana nan kuwa?"

Na ce yana ɗakin ajiya, tayoyin sun ruɓe, jikoki suna ta cewa in ba masu gwangwan.

"Kada ka ba su. Ya sha taɓo shekarar annobar shanu."

Ta faɗi haka ta ɗaga kai ta dubi bakin layi, inda Mas'udu ke zaune yana goge madubin babur da hannun riga. A sanina wannan ne karo na farko da ta dube shi sosai a gaban mutum. Ba ta daɗe ba ta mayar da idonta kan tabarma. Na haɗiye jawabin da na shirya. Muka ɗan taɓa hirar tsadar gero, ta sha ruwa, ta sa takalminta, ta ce in sa a gaya wa mai jan babur shi juyo.